Ruwa a Harsuna Bakwai

Duk wanda ya taɓa sayen ruwan roba a shagon da ke bakin ƙofar gidan benen Kawu ya san Ƙamus, domin ba ya barin mutum ya tafi da ruwa kawai sai ya haɗa masa da darasi. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Da farko mutane sun ƙi kama shi, sai da ya daina amsa sunansa na gaskiya, ko da kiran abinci ne, sannan aka haƙura.

Shagon na yayarsa ne, aikinsa kuwa sauke katan-katan daga mota da jera su. Gidan yana kusa da babbar tasha, baƙi na wucewa daga ko'ina. In baƙo ya shigo da ƙishi ya nuna roba ya faɗi wani abu da harshensa, sai Ƙamus ya cafke kalmar ya adana. A haka ya tara sunan ruwa a harsuna da dama: moya a Larabci, pani a Indiyanci, shuwe a Sinanci, boda a Rashanci, maji da agwa a wasu harsunan biyu, har da na Faransanci wanda ya fi so saboda gajartarsa, wato o.

"O?" in ji Yaya, ranar da ya fara koya mata. "Wannan ai ba kalma ba ce. Abin da mutum ke cewa ne in an taka masa ƙafa."

"Jahilci ke nan. Ke kin san nauyin ruwa kuwa? Mu nan muna da ruwan sha, ruwan sama, ruwan ido, ruwan toka. In na ce ba ruwana, rigima ta ƙare. In na ce ruwa ya sauka, an yi shuka. Kalma ɗaya tana ɗauke da rabin duniya. To kina zaton a wasu harsunan haka kawai take zaune hannu rabbana? Wanda ya riƙe ruwa ya riƙe harshe. Saura duk ado ne, hannu ke ƙarasa shi."

"To riƙe wancan katan ɗin ka kai ciki, hannu ke ƙarasa shi."

Da abin ya tsaya nan da ba wanda ya jiƙe. Sai wakilin da ke kula wa Kawu da 'yan haya ya sami aiki a wani gari ya tafi, ya bar ɗaki mai taga biyu da fanka, da kujera mai juyawa, da tarin makullai masu ƙara in ana tafiya. Ƙamus, wanda ke kwana a sito tsakanin katan-katan, ya leƙa ɗakin sau ɗaya ya kasa barci mai daɗi tun daga ranar. Matsalar Kawu ita ce 'yan hayar nasa duk baƙi ne da wuraren aikinsu suka kawo, ba mai jin Hausa a cikinsu, kuma kowa da harshensa.

Ƙamus ya sa rigarsa mai kyau ya sami Kawu a falo yana shan shayi.

"Kawu, ka daina neman wakili a waje. Harsuna bakwai ne a bakin nan."

Kawu ya dube shi ta saman tabarau. "Bakwai? Yaushe?"

"Ina sauke kaya, kai yana aiki."

"Ban taɓa jin ka yi hira da ko ɗaya daga cikinsu ba."

"Ba na son nuna kai, Kawu. Ka san halina."

Kawu ya san halinsa sarai. Amma ɗan ƙanwarsa ne, kuma makullan sun dame shi a aljihu. Ya ce, "To ga gwaji. Gobe mai famfo zai hau ya wanke tankin sama. Ka bi su ƙofa-ƙofa da safe ka ce kowa ya tara ruwa, domin da tsakar rana za a rufe, kuma kada wanda ya bar famfo a buɗe. In yamma ta yi ba wanda ya sauko da ƙorafi, ɗaki da makullai naka ne. In kuwa aka sami akasi, katan na jiranka."

Ƙamus ya yi dariya har da dafa gwiwa. A duk maganganun duniya, ruwa aka zaɓa a gwada shi da shi.

Washegari Yaya ta tare shi a ƙofar shago tana miƙa masa wayarta. "Karɓi, ka faɗa mata da Hausa ta faɗa musu da nasu. Ba wanda zai sani."

"Waya ta waɗanda kansu ba caji ce."

"To ko hoton tanki ka zana a kwali."

"Yaya, mai harsuna tara ba ya zane."

"Jiya bakwai ne."

"Na kwana."

Ya hau bene yana kaɗa hannu kamar makullan sun riga sun zo.

Ƙofar farko ta likitan haƙori ce, mutum mai fara'a da ke jin Larabci. Ƙamus ya ƙwanƙwasa, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Moya," ya dunƙule hannu ya karkata shi, yana nufin a zuba a tara. Likita ya riƙe ƙirji cikin tausayi, ya ja shi ciki, ya zaunar da shi, ya kawo ƙaton kofi mai sanyi. Ƙin sha rashin ladabi ne, saboda haka Ƙamus ya shanye. Ya ajiye kofin, ya sake cewa, "Moya," da ƙarfi, ya buɗe hannuwa biyu don ya nuna a tara da yawa. Likita ya kira matarsa, ta fito da jug. Ƙamus ya sha na biyu, ya sha na uku. Da ya buɗe baki zai gwada karo na uku, sai ya hango matar ta nufi firij, ya miƙe da sauri. Likita ya raka shi har ƙofa, ya ja masa fatar ido ƙasa ya duba, ya girgiza kai.

"Mutum ɗaya ya gane," in ji Ƙamus a ransa, cikinsa fal da ruwa. "Har ya nuna mini yana da wanda ya tara."

Ƙofar da ke kallon ta likita ta mai ɗinki ce, mace mai tsari da ke jin Indiyanci. Ita ko ba a gaya mata ba, kullum bokitanta cike suke, jere a bayan ƙofa, kowanne da murfinsa. Da Ƙamus ya gan su sai ya ga rabin aiki ya ƙare, saura ya gaya mata za a rufe. Ya nuna bokitan ya ce, "Pani." Ya nuna sama wajen tanki. Ya gitta hannuwa, ya yamutsa fuska don ya nuna dattin da za a wanke, sannan don ƙarin bayani ya riƙe cikinsa, wanda dama ya fara yi masa nauyi.

Mai ɗinki ta zaro ido. "Pani?" Ta nuna bokitan.

"Pani," in ji Ƙamus da tabbaci, yana gyaɗa kai.

Ta sunkuci bokiti ta yi banɗaki da gudu. Yana hawa bene yana jin ƙarar ruwa na zuba, bokiti bayan bokiti. Ya yi murmushi. Mace mai himma, har ta fara neman wasu mazuban.

A hawa na biyu akwai malamin makaranta mai jin Faransanci, wanda ya buɗe ƙofa da jarida a hannu. Ƙamus ya zagaye baki ya ce, "O."

Malami ya runtse ido kamar an soke shi. Ya ajiye jaridar, ya ɗaga yatsa, ya tsuke leɓe ya ce, "O."

"Abin da na ce ke nan. O."

Malami ya girgiza kai. Ya kama haɓar Ƙamus da yatsu biyu ya matse masa kumatu. Ya kawo madubi. Suka tsaya a bakin ƙofa, babba da babba, wannan ya ce o, wancan ya ce o, har wata kyanwa ta leƙo daga ƙofar maƙwabci ta koma. Can dai malami ya tafa, ya buga masa kafaɗa, ya ɗauki alli ya ja masa alama a bayan hannu, ya rufe ƙofa yana waƙa. Ƙamus ya tsaya ya ɗan yi tunanin ko ya ambaci tanki. Ya ga ba buƙata. Mutumin da ya maimaita kalma sau hamsin ai ya san da ita.

Mai kyanwar tsoho ne mai gyaran agogo, mai jin Rashanci, mai farar gira. Shi Ƙamus ya yanke shawarar yi masa bayani dalla-dalla saboda shekarunsa. Ya ce, "Boda." Ya sa tafin hannu a ƙasa, ya ɗago shi a hankali zuwa gwiwa, zuwa ƙugu, zuwa ƙirji, yana nuna yadda ake cika ganga har baki. Da ya kai wuya sai ya ce, "Boda," ya nuna agogon bango, ya nuna tsakar rana.

Tsoho ya kalli ƙasa, ya kalli wuyan Ƙamus, ya kalli agogo. Ya nuna sama da yatsa, alamar tambaya.

"Yauwa, Baba, sama. Can abin yake."

Tsoho ya riƙe hannun Ƙamus da hannu biyu ya girgiza, idonsa har da ƙwalla, sannan ya juya ya fara naɗe darduma.

Saura hawa na ƙarshe, wajen injiniya mai jin Sinanci. Zuwa yanzu Ƙamus yana hawa yana haɗa gwiwoyi, domin kofuna ukun likita sun gama zagayensu suna neman hanya. Ya ƙudura zai gama da sauri.

"Shuwe."

Fuskar injiniya ta haskaka kamar wanda aka daɗe da yi wa alkawari. "Shuwe, shuwe," ya ce, ya ja shi kicin, ya buɗe ƙofar ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Wani bututu na ɗiga cikin kwano, ɗis, ɗis, ɗis. Ga mutum a halin Ƙamus, babu ƙarar da ta fi wannan mugunta. Injiniya ya danƙa masa sufana.

Ƙamus bai taɓa riƙe sufana ba sai don fasa kwakwa. Amma wakili ba ya cewa bai iya ba. Ya durƙusa, ya kama wani noti ya juya. Ɗigar ta ƙaru. Ya ƙara juyawa ta wannan ɓangaren dai, bisa ra'ayin cewa abu in ya fara motsi bai kamata a dame shi ba. Notin ya fito gaba ɗaya ya faɗo tafinsa. A daidai wannan lokacin, can kan rufi, mai famfo ya rufe babban makunnin ruwa.

Ɗigar ta tsaya cak.

Injiniya ya leƙa, ya shafa bututun, ya ɗago babban yatsa. Ƙamus ya kalli bututu, ya kalli notin, ya gane cewa ashe notin ne matsalar tun farko. Ya jefa shi aljihu, ya miƙe, ya karɓi godiya da sunkuyar da kai irin na manyan ma'aikata. Injiniya ya kawo masa kofin ruwan zafi. Ƙamus ya rufe ido ya sha.

Ya sauko da gudu-gudu ya nufi banɗakin tsakar gida, ya tarar mai famfo ya sa masa kwaɗo, ya tara kayan aikinsa a ciki, ya hau sama da makullin. Ya dawo shago yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Ya aka yi?" in ji Yaya.

"An gama. Ɗaya ya ba ni ruwa, ɗaya ya yi kuka, ɗaya ya ba ni maki."

"Me ya sa kake rawa?"

"Farin ciki."

"Mai ɗinki me take zubarwa tun ɗazu? Magudana har ta cika."

"Tana ɗauraye mazubai. Ke dai ki fara neman wanda zai sauke miki kaya."

Rana ta ɗan karkata lokacin da muryar mai famfo ta faɗo daga kan rufi. "Maigida. Maigida, wa ya turo mini tsoho da kyanwa?"

Kawu ya fito tsakar gida da carbi a hannu ya ɗaga kai. "Wane tsoho?"

"Ga shi nan ya kafa kujera kusa da tanki. Ya hau da agogon bango huɗu, da katifa, da tukunya. Yana ta jan rigata wai in zauna kusa da shi. Ni aiki na zo yi ko jinya?"

Kawu ya juyo ya kalli Ƙamus.

"Sha'awa ce, Kawu. Na yi masa bayanin tankin har ya so ya gani da idonsa."

"Da katifa?"

"A ƙasarsu ba a gaggawar kallo."

Ana cikin haka sai aka ji taku a bene, jiƙaƙƙe, mai santsi. Malamin makaranta ne, ɗaure da tawul, kansa fari fat da kumfa, ido ɗaya a rufe, ɗayan ja. Yana lalube da hannu yana zuba magana ba numfashi. Kumfar ta fara bushewa a kafaɗarsa tana tsagewa. A bayansa mai ɗinki ce da bokitai huɗu wayam, biyu a kowane hannu, ta dire su gaban Kawu, ta nuna su, ta nuna Ƙamus, ta riƙe ciki, ta yamutsa fuska. A bayanta likita, riƙe da jug ɗin da ya rage masa rabi. Masu sayayya a shago suka bar sayayya suka shigo. Mai wanki na gidan kusa ya leƙo ta katanga, da ya ga abin na yi ne sai ya kira matarsa.

"To, wakili," in ji Kawu a hankali. "Me suke cewa?"

Ƙamus ya saurari malami da kai a karkace, yana gyaɗawa a wuraren da ya ga ya dace. "Yana cewa bai taɓa zama gidan da ake sanar da mutane abu a kan lokaci irin wannan ba."

"Shi ya sa ya sauko da sabulu a ido?"

"Zumuɗin godiya ne."

"Ita fa?"

"Tana nuna maka tsabtar bokitanta."

Likita ya matso kusa da Kawu, ya nuna Ƙamus, ya ɗaga yatsu uku, ya kwaikwayi shan ruwa, ya kwaikwayi allura a hannu, ya yi fuskar jaje. Sannan ya tsiyaya kofi ya miƙa wa Ƙamus. Ƙarar tsiyayar ta sa Ƙamus ya ɗaga ƙafa ɗaya.

"Wannan ko ni na gane," in ji Yaya daga ƙofar shago. "Yana cewa a kai ka asibiti."

"Ke kuma wa ya sa ki? Larabcinsa mai zurfi ne."

Kawu ya mayar da carbi aljihu. "Ba komai. Ka gaya musu su yi haƙuri, kafin yamma ruwa zai dawo."

Ƙamus ya share maƙogwaro. Ya fuskanci malami, ya tsuke leɓe yadda aka koya masa. "O." Ya juya ga mai ɗinki. "Pani." Ya juya ga likita. "Moya."

Malami ya nuna kansa mai kumfa ya ce o da wata irin murya da ba a buƙatar ƙamus a gane ta. Mai ɗinki ta kife bokiti ta buga gindinsa ta ce pani. Likita ya ƙara miƙo kofi.

"Ka gani, Kawu, sun amince."

"Na ji ka ce ruwa. Ina haƙurin?"

"Yana ciki. Su a wajensu haƙuri da ruwa tare suke tafiya."

"Yamma fa?"

"Ita ma."

Kawu ya waiga, ya ga kujerar roba a jikin bango, ya jawo ta ya ajiye a tsakiyar taro. "Gaya wa malam ya zauna a kujera."

Kowa ya zuba wa Ƙamus ido. Matar mai wanki ta gyara tsayuwa a kan abin da ta taka. Ƙamus ya kalli kujera, ya kalli malami.

"Kawu, bai dace mutum ya zauna da tawul ba."

"To gaya wa likita."

"Likitoci sun fi son tsayuwa."

"Faɗi kujera kawai. Da kowane harshe cikin bakwai ɗin."

"Tara," in ji Yaya. "Ya kwana."

Allah ya taimaki Ƙamus, a daidai nan injiniya ya sauko, jaka a kafaɗa, zai fita. Da ya hango Ƙamus sai ya ratsa taron ya kama hannunsa ya ɗaga sama kamar ɗan dambe, ya nuna wa Kawu babban yatsa, ya kwaikwayi juya sufana. Ƙamus ya ji ransa ya dawo.

"Ga shaida nan, Kawu. Wannan har gyara na yi masa kyauta. Sinanci ne ya fi zama a bakina, sauran ina ɗan sabunta su."

Kawu ya ɗan sassauta. Ya dubi malami, wanda ya fara hawaye da ido ɗaya, ya ɗaga kai ya kira mai famfo. "In ka gama wankin, ka tayar da inji ka saki ruwan, mutumin nan zai makance."

"Na gama tun ɗazu, tanki ya kusa cika. Tsohon nan ne ya hana ni saukowa, ya zauna a kan tsani."

"Saki."

Aka ji bututai sun yi tari, sun yi gurnani. Malami ya juya zai hau. Mai ɗinki ta tattara bokitanta. Ƙamus ya fara lissafin inda zai sa katifarsa a ɗaki mai taga biyu, ya kuma ƙudura cewa da zarar an ba shi makullai, na banɗaki zai fara nema.

Sai wani siririn ruwa ya leƙo daga matakalar bene, ya sauko mataki ɗaya, ya tsaya kamar mai neman izini. Na bayansa bai nemi izini ba. Ya taho da faɗin benen gaba ɗaya, ɗauke da takalmin silifa, da soson wanke-wanke, da wasu albasa guda biyu suna tsalle. Malami, da ya riga ya kai rabin hanya, ya zauna ba shiri, ya dawo ƙasa a zaune, ya iso tsakar gida kansa a ɗauraye tas. Injiniya ya gane silifar, ya yar da jaka ya yi sama yana laluben makulli. Ruwan ya ratsa ƙafafun taro, ya sami ƙofar falon Kawu a buɗe, ya shige kan sabuwar darduma kamar an gayyace shi.

"Rufe," in ji Kawu, kansa a sama. "Mai famfo, rufe."

"Yanzu ka ce in saki."

"Yanzu na ce ka rufe."

"Kyanwa ta hau kan makunnin."

Kafin a ɗauke kyanwa a rufe, rabin tanki ya bi bene. Injiniya ya sauko jiƙe sharkaf har gira, riƙe da bakin bututu a hannu, yana nuna wurin da noti ya kamata ya kasance, yana zana da'ira da yatsa. Idanu suka bi yatsansa har kan Ƙamus. Ƙamus ya sa hannu a aljihu don ya nuna bai damu ba, ya fito da hankici zai share goshi, notin ya biyo hankicin ya faɗi a siminti, ya gangara, ya yi ta juyi, ya kwanta a gaban takalmin Kawu.

Can sama, tsoho ya leƙo ta gefen rufi, kyanwa a hammata, busasshe ƙayau. Ya nuna ruwan da ke malala a tsakar gida, ya nuna Ƙamus, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce da babbar murya, "Boda."

"Ka ji ko, Kawu," in ji Ƙamus. "Shi tun safe ya fahimce ni."

Kawu ya sunkuya ya ɗauki notin ya juya shi a hannu. Mai famfo ya sauko ya duba bututun injiniya, ya ce bakin da noti ke kamawa ya cinye, sai an sayo sabon bututu, kuma irinsa sai an aika, saboda haka ba wanda zai buɗe ruwa a gidan nan sai bututun ya zo. Kawu ya gyaɗa kai. Ya zaro tarin makullai daga aljihu, suka yi ƙarar nan tasu mai daɗi, Ƙamus ya miƙa hannu bisa kuskure. Kawu ya wuce hannun ya ajiye su a kan teburin Yaya.

"Riƙe mini waɗannan. Kai kuma, ɗan ƙanwata, na sama maka aiki daidai iliminka. Akwai famfo a bakin titi, akwai jarkoki a sito. Kowace ƙofa biyu da safe, biyu da yamma, har bututu ya zo."

"Har hawa na ƙarshe?"

"Da shi za ka fara."

"Na ji, Kawu. Amma don Allah mai famfo ya fara ba ni makullin banɗaki."

Kafin rana ta faɗi Ƙamus ya hau benen ya sauko har ya daina jin ƙafafunsa nasa ne. A kowace ƙofa ya dire jarka, ya ƙwanƙwasa, ya faɗi kalmarsa. Ya ce pani, mai ɗinki ta jawo bokiti. Ya ce shuwe, injiniya ya karɓa bai ɗaga ko wane yatsa ba. Ya ce o, malami ya buɗe baki zai gyara masa, ya kalli jarkar, ya fasa. Ba wanda ya ba shi kofi, ba wanda ya naɗe darduma.

Ya sauko ya zube a kan katan a ƙofar shago, rigarsa mai kyau ta manne a baya, yana haki. Yaya na zaune tana juya makullai a yatsa.

"Sannu, mai harsuna tara."

"Ki yi dariyarki. Amma ki hau ki tambaya, ƙofa biyar, harsuna biyar, ba wanda ya ce in maimaita." Ya ja numfashi, ya shafa kafaɗa. "Ashe tun safe harshen lafiyarsa lau. Jarka ce ban tafi da ita ba."